Tulunan Da Kika Ce a Zubar

Zuwa ga Zubaida,

Assalamu alaiki. Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Na fara da addu'a don haka aka koya mana, kuma don abin da zai biyo baya ba duka ne zai yi miki daɗi ba.

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma ba za ki iya ba, tunda da Hausa na rubuta, harshen da kika shekara talatin da ɗaya kina ji a kicin ɗinki ba ki taɓa riƙe ko sannu ba. Ki lura kuma ban ce Ammati ba. Ke kika tsara mana haka: in muna mu biyu in kira ki ukhti, wato 'yar'uwa, in baƙi sun shigo in koma Ammati, yadda kowace mai aiki ke kiran uwar ɗakinta a garin nan. Yau babu baƙi, ni kuma ba na jin 'yan'uwantakar. Zubaida kawai.

Wata tara ke nan da aka yi miki salla a Harami. Gidanki na unguwar Hindawiyya ɗanki Faisal ya ba wani ɗan kasuwa, ya cika shi da dardumai da carbi na sayar wa alhazai. Falonki da ba a taka shi sai an wanke ƙafa, kwalaye ne a ciki har rufi. Ni ina unguwar Ka'akiyya wajen Hafsa 'yata da mijinta. Gwiwoyin nan sun ƙara lalacewa, a zaune nake salla yanzu. Waɗannan ƙananan labarai ne. Babban labari shi ne, bayan mutuwarki kin zama gwanar ashar ta garin Makka. Kin ji mamaki? Ni ma na ji.

Jikarki Rim, 'yar Faisal, ta buɗe shago a unguwar Zahir tana sayar da ashar, na ɗanyen mangwaro da na lemun tsami, irin wanda ake tsumawa da gishiri da barkono da mai a ci da shinkafa. Sunan shagon Hannun Sitti, wato hannun kaka. Ke ce Sittin, hannunki ake nufi. Hafsa ce ta nuna mini a wayarta. Ga Rim zaune gaban tulun tangaran, sama ruwan ƙasa ƙasa fari, tana shafa shi kamar kan jariri, ido ya yi rau-rau. Wai kakarta kan tashi bayan asuba ta hau sutuh, saman gida, ta yi ta yankan mangwaro har hantsi. Wai hannunta kullum ƙamshin hulba yake. Wai tana waƙar Indiya tana ɗaure bakin tulu da farin ƙyalle. Ke, Zubaida? Yaushe kika taɓa hawa sutuh in ba ranar da aka zo gyaran tankin ruwa ba?

Ki ga mutanen da ke rubutu a ƙarƙashi. Kowa ya tuna tulun kakarsa, kowa zuciyarsa ta karye. Wannan ta ce ƙamshin ya dawo mata da yarinta. Waccan ta ce zamani ya cuce mu da roba. Duka daga kan kujera suke kukan, cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ko ɗaya a cikinsu ba ta taɓa rungumar tulu cike da mai ta hau da shi hawa uku a zafin Makka ba. Ba ta taɓa zura hannu har kafaɗa ta kankare gindinsa ba, barkono na cin ƙasan farcenta kwana biyu. Suna kewar tulu. Ban ga wadda ta rubuta tana kewar matar da ke wanke shi ba, don ba su taɓa kallonta ba balle su tuna ta.

Bari in tuna miki yadda aka yi, ko ƙasa ta sa kin manta.

Ina da shekara ashirin da huɗu na shigo gidanku aiki. Surukarki tana da rai a lokacin, tsohuwar da kowa ke kira Dadi. Ita ta zo da tulunan daga Indiya a jirgin ruwa, guda tara, kowanne naɗe cikin bargo. Martaban take kiransu. Larabcinta bai wuce na salla da cefane ba, ni kuma ba na jin yarenta. Ke ta fara nema ta koya wa, matar ɗanta. Kika ce warin man hardal da ake tsuma ashar da shi yana sa miki ciwon kai. Gaskiyar ita ce ba kya son maƙwabta su ji warin su ce ga gidan Hindi. Kakanki daga can ya zo kamar yadda nawa ya zo daga Kano da ƙafa, amma ke kin fi 'yan asalin gari zama 'yar gari. In aka ambaci Indiya a gabanki sai ki gyara mayafi ki canza magana.

Sai tsohuwa ta waiwaya ta gan ni.

Da duka ta koya mini, Allah ya jiƙanta. In na kawo mangwaro da sauran danshi a jiki, ta buge mini hannu. In na zuba mai bai huce ba, ta buge. Ta nuna mini yadda ake zaɓen ɗanye mai tauri wanda ƙwallonsa ya yi ƙwari, a sare shi da ƙwallon, a goge kowane yanki da ƙyalle, a barbaɗe da gishiri da kurkum, a shanya har ya yi yaushi. A soya hulba sama-sama, in ta wuce kaɗan ɗaci ya gama da aikin. A wanke tulu, a kife shi a rana kwana uku, sannan a ɗora ƙaron haltit mai wari a kan garwashi a kifa bakinsa ya sha hayaƙi. Mai ya rufe komai da kaurin yatsa biyu. Kullum da safe a girgiza, kullum kafin magariba a shigar. Cokali busasshe, hannu busasshe. Shekara huɗu tana dukan hannuna. A ta biyar ta ɗanɗana, ta kamo hannun nan da take duka ta ɗora a kanta. Ban san me ta ce ba. Na dai gane.

Ke kina ina duk wannan lokaci? Kina ƙasa, kin rufe taga.

Amma in an yi walima, an shimfiɗa sufura, mata sun ɗanɗana sun fara salati, sai ki sunkuyar da kai irin na masu kunya, ki ce sirrin gida ne, hannunki ne ya saba. Ina bayan ƙofa riƙe da tire ina jin ki. Kin san ina ji. Wani lokaci har mukan haɗa ido, ki ce in ƙaro ruwan sanyi.

Dadi ta rasu. Ba a yi arba'in ba kika ce a fitar da tulunan. Biyu dama sun fashe tun tana raye. Biyu kika ba mai gyaran famfo ya dasa na'ana'a. Saura biyar kika ce in kai bola, wai sun cika wuri, wai kayan ƙauye ne, kin sayi sabon firij da kwalabe masu murfi. Na tambaye ki sau biyu, ko dai a ajiye su a sutuh? Kika ce in zubar, kada ki sake ganinsu. Ban zubar ba. Marigayi Idi mijina ya zo da tasinsa, muka jera su a kujerar baya, na zauna a tsakiya na rungume babban, muka kai su ɗakinmu.

Da lokacin mangwaro ya zagayo, Faisal ya ture shinkafa ya ce ina ashar. Ƙawayenki suka fara tambaya. Kika kira ni kicin, kika ce ukhti, da muryar nan taki mai laushi da ba ta fitowa sai kina son abu. In yi a gidana, in kawo miki a kwalabe. Ba ki tambaye ni a cikin me zan yi ba. Kin sani. Haka muka yi shekara da shekaru: a tsuma a ɗakina cikin tulunan da kika ce a zubar, 'ya'yana su kwana cikin warin da ke sa miki ciwon kai, a juye a kwalba, ya shiga firij ɗinki, ya fito ya zama hannunki.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa miki ba.

Kin tuna bikin Faisal? Kika ji uwar amarya mai son kayan gargajiya ce, sai kika ce in zo da babban tulun kansa a girke a tsakiyar falo, a buɗe a gaban mata. Abin da kika kira kayan ƙauye ya zama abin ado don surukai za su gani. Kin tuna da aka kwance ƙyallen, fumfuna ta yi fari fat a sama kamar auduga, wari ya cika falo? Kin ɗauka tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne. Kwana goma kafin bikin na kwashe man saman, na tsoma cokali a ruwa, na zura shi har gindi, na juya sau uku. Da hankalina na yi, ban kuma yi bisimilla ba don na san abin da nake yi. So nake in ji abin da za ki ce.

Kika kuwa ce. Da ƙarfi, kowa na ji. Aikin Maimuna ne, Takaruniyar nan, ita ke yi, ke ko taɓawa ba kya yi. Takaruniya, sunan da kuke kiran irinmu baƙaƙe 'yan asalin Afirka ta Yamma. Mata suka juyo suna kallona. Na tsaya da tire, kunya kamar ƙasa ta tsage, amma can cikin cikina wani daɗi nake ji. Sau ɗaya ke nan a duk zamanmu da kika haɗa sunana da ashar a gaban mutane, kuma sai da ya ruɓe. Mai kyau naki, ruɓaɓɓe nawa. Na yi nadama? Na yi, saboda mangwaron da na ɓata, saboda Dadi da ta koya mini, saboda amaryar da ta shige ɗaki tana kuka ta ɗauka mugun fata ne ga aurenta. Saboda ke kam, har yau ina dubawa ban samu ba.

Amaryar nan ita ce uwar Rim. Ba ta manta abin da ta ji a ranar ba. Shi ya sa da ashar ɗin Rim ya yi ta ruɓewa a sababbin tulunan da ta sayo a shagon kayan ado, masu siririn fenti da ke tsatsar da mai, uwar ta ce mata ta nemi Maimuna.

Suka zo Ka'akiyya ita da ubanta, wata huɗu bayan rasuwarki. Faisal, wanda na goya, wanda na wanke wa kashi, wanda ya koyi tafiya riƙe da zanina. Ya ƙi zama. Ya tsaya bakin ƙofa yana juya mabuɗin mota, a gaban mijin Hafsa, ya ce sun ji wasu kayan gadon gidansu da suka ɓace tun da daɗewa suna wajena. Suka ɓace! Ya ce ba sa zargin kowa, kuma ba sa son magana ta yi nisa. Kin san Larabcin nan nasu na masu ilimi, da za a kira ka ɓarawo ba a furta kalmar ba. Irin naki ne sak, a wajenki ya sha.

Rim kuma sai Khala sama, Khala ƙasa, wai ni ce innarta. Wai tana son ta ɗauke ni ina aiki, don mutane su ga yadda ake yi a da. Ba za a nuna fuskata ba, kada in damu, hannu kawai. Sai ta kalli hannuwana a kan cinya, ta ce za ta kawo mini safar hannu, farare, saboda tsabta. Saboda tsabta, Zubaida. Shago sunansa Hannun Sitti, Sitti fara ce, hannun da ya iya aikin kuma baƙi ne. Yarinyar ta yi lissafinta cikin ƙiftawar ido, tana murmushi. Jininki ne, babu shakka.

Hafsa ta so ta kore su. Ta ce tulu ko ɗaya ba zai fita ba, su je duk inda za su. Na hana ta. Wa zai shaide ni? Dadi ta tafi, Idi ya tafi, ke kin tafi. Ke kaɗai kika san abin da kika ce mini a bakin ƙofar kicin. Kuma in da za a tashe ki a tambaye ki, me za ki ce? Za ki ce ni na ce ta zubar? Ko za ki gyara mayafi ki ce ba kya tunawa? Na san amsar, shi ya sa ban ɓata hawayena ba. An haife ni a garin nan, na tsufa a cikinsa ba wanda ya taɓa cewa na ɗauki allurarsa. Ba zan bari a kai ni gaban kowa a kan tangaran ba, jikokina suna ji.

Biyu akwai lemun tsami a ciki, na juye a robobi. Na wanke su duka biyar, na kife a rana kwana uku kamar yadda aka koya mini, ko da yake na san ba ashar za su sake gani ba. Na naɗe kowanne da tsohon zani. Aka kira tasi aka kai su. Da na dawo ɗaki na ga zagayen da gindinsu ya bari a siminti, guda biyar, na daɗe a tsaye. Shekara kusan arba'in suna kusurwar ɗakina duk inda na koma. Na fi sanin jikinsu da jikin wasu 'yan'uwana. Na san wanda murfinsa ke ciza, na san mai ɗan tsagu a kunne wanda ba ya son a ɗaga shi ta nan.

Sau ɗaya na je shagon, na sa Hafsa ta kai ni. Na rufe fuska, ba wanda ya san ni. Ga su a kan kanta, an haska kowanne da fitila daga ƙasa kamar amare. Ɗaya an cusa masa furannin roba. Ɗaya an liƙa masa takarda mai ɗauke da sunanki da rubutun zinariya. 'Yan mata suna jingina da su suna ɗaukar hoto, suna tura baki. Ashar ɗin sayarwa kuwa yana gefe a ƙananan robobi. Hafsa ta karɓo ɗaya na lasa. Ruwan khal ne, tsamin kanti, da jan kala, mangwaron ya yi laɓo-laɓo kamar an tauna an tofar. Wani mutum mai ƙaton agogo yana gefena yana ci yana lumshe ido, yana cewa wallahi sak na kakarsa. Ko dai kakarsa ba ta iya ba, ko shi bai taɓa ci ba. Na ja Hafsa muka fita kafin bakina ya kufce.

Na ɗauka an gama. Ashe Rim ta gwada a babban tulun, na gasken, tana zaton sirrin a jikin tangaran yake. Ta ajiye shi a cikin shago cikin sanyi, don rana za ta ɓata masa launi. Sati biyu ya yi gashin fumfuna. Aka ce kuma wata tsohuwa daga cikin dangin Dadi ta je ta ɗanɗana na robar, ta ajiye, ta ce mata a gaban masu saye wannan ba na gidanku ba ne, 'yata. Allah ya yi wa tsohuwar nan albarka ko wace ce.

Ranar wata Talata da hantsi aka buga ƙofa. Rim ce, ita kaɗai. Babu uba, babu waya a hannu. Ta ce in leƙo mota. Ga babban tulun a kujerar gaba, ta ɗaure shi da bel kamar mutum. Ta tsaya tana murza gefen abayarta, ta ce Khala, ban iya ba. Haka kawai. Ban ce ta shigo ba sai da na bar ta ta sha rana kaɗan.

Na ce mata ga sharaɗina. Ba hoto, ba safar hannu. Ta zo bayan asuba mu je kasuwar kayan lambu ta nan Ka'akiyya, ita za ta zaɓa ina kallo, ita za ta ɗauko, ita za ta hau da shi sama, ni gwiwata ta gama nata. Kafin komai kuma ta kankare ruɓar da ta yi a tulun Dadi da hannunta. Na faɗi haka ne don ta gudu. Na ba ta kwana ɗaya a raina.

Ta zo. Ta zaɓo nunannu, na sa ta mayar. Mai sayarwa yana dariya, ta yi ja har kunne, ta mayar. Ta zura hannu a tulu ta yi kakarin amai sau biyu, ta ci gaba. A rana ta biyu ta yanke yatsa, gishiri da barkono suka shiga, ta yi kuka na gaske, mai majina, ba irin na cikin waya ba. Na ce ta ɗaure ta ƙarasa. Ta kawo mini yanka da danshi, ban san lokacin da na buge mata hannu ba. Muka tsaya muna kallon juna. Na ce a raina shi ke nan, gobe ubanta zai zo da wata maganar. Sai ta ɗauki ƙyalle ta sake gogewa.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana zuwa girgiza tulu. Kada ki yi saurin murna. Ba na ce ta zama mutumiyar kirki ba ne. Shagon yana nan da sunansa, furannin roba suna nan, huɗun suna can ƙarƙashin fitila, Faisal kuma ko gaisuwa bai aiko ba. Wataƙila ranar da ta iya za ta ɗauke tulunta ta manta hanyar Ka'akiyya. Na saba. Amma ta hau matakalar da ba ki taɓa hawa ba, kuma ta faɗi ban iya ba, abin da bakinki bai taɓa iya furtawa ba.

Jiya muna sama, ina kan kujera a inuwar tanki, tana ɗaure bakin tulu. Ba ta kalle ni ba ta yi tambayar. Ta ce uwarta ta gaya mata wani abu, ba ta san ko ta gane daidai ba. Ta ce Khala, in kuna aikin nan ke da Sitti, ita me take yi?

Zubaida, duk abin da na rubuta a takardar nan yana bakina a lokacin, a jere, a shirye. Shekara nawa ina jiran wani daga gidanku ya tambaye ni? Ga ta a tsugune a gabana, yatsa ɗaure da tsumma, ta gina shago guda a kan ƙarya, kuma ta fara jin ƙasa na motsi a ƙarƙashinta. Kalma uku sun isa.

Sai na tuno asibiti. Satinki na ƙarshe, da komai ya ƙi shiga, kika ce ba kya son komai sai shinkafa mai laushi da lemun tsamin Maimuna. Ga nas kika faɗa, ba ga dangi ba, ita ta gaya mini. Kullum na zo da shi a ƙaramin kwano, na ba ki a baki. Ranar ƙarshe da kika iya magana, kika kama wuyan hannuna kika riƙe, kika daɗe kina kallona. Na ce a raina yau za ta faɗa. Na matso da kunnena. Kika ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Na fito ina tsine miki a zuci, Allah ya yafe mini. Na zo gida na buɗe tulu na lasa. Ya ɗan yi yawa. Idona ya fara rauni a shekarar, na zarce da rabin hannu, ba wanda ya gane, har Hafsa. Ke da ƙafa ɗaya a kabari kin gane. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da ke. Duk shekarun nan kin san abin da nake yi, kin san darajarsa fiye da kowa, harshenki bai taɓa kuskure ba. Ba rashin sani ba ne ya hana ki magana.

Na ce wa Rim, kakarki ita ce mai ɗanɗanawa. Na ce duk Makka ban ga mai harshe irin nata ba, in ta ce ya yi to ya yi, in ta ce saura kwana biyu to saura kwana biyu. Ban yi ƙarya ba. 'Yar ƙaramar gaskiya na ɗauko na shimfiɗa ta rufe babbar. Yarinyar ta sauke numfashi, ta yi murmushi, ta ja igiyar ta ƙulle. Ta san akwai saura, na ga alama a idonta, amma ta karɓi abin da na ba ta da hannu biyu.

Kin gani? Kina cikin ƙasa, ni ina saman gida da gwiwoyi marasa aiki, har yanzu ina gyara miki falo kafin baƙi su shigo. Ba don ke na yi ba, haka nake gaya wa kaina. Don yarinyar ne, don kuma an hana mu tona asirin wanda ya riga mu. Amma da na sauko na ji haushin kaina kamar in yi ihu, shi ya sa na nemi takarda da biro.

Na yafe miki. Ba don kin cancanta ba, sai don ina tafe a bayanki, kuma akwai abin da ni ma nake son a yafe mini. In mun haɗu a can, kada ki yi mini muryar nan mai laushi. Ki faɗi abin da kika sani, ko sau ɗaya, a gaban wanda babu abin da ke ɓoye masa.

Ba ki taɓa sallamata ba. Ko da na daina zuwa saboda ƙafa, cewa kika yi in huta in dawo. To, aikin jiya shi ne na ƙarshe. Na sallami kaina.

Ki kwanta lafiya.

Maimuna 'yar Malam Sule,
Ka'akiyya, Makka.